Yadda Cewa Na'am Ta Dawo da Ni daga Niyok

Mun tashi da asuba, ko in gyara zance, ni na tashi da asuba. Na yi salla, na dama kunu, na ɗaura zanena na fita unguwa, na zauna ina jiran masu gida. Ɗana da matarsa ba su fito ba sai da hantsi ya yi sosai, wai ranar Lahadi ce. Ku da kuka dame ni da tambayar abin da ya dawo da ni tun kafin lokacin da aka ce, to ku matso. Sau ɗaya zan faɗa, na kuma sa a rubuta don kada wata ta ƙara mini gishiri.

Kun san wankan jegon surukata ne ya kai ni Niyok, can ƙasar Amurka. Yaron nan nawa, ɗan fari ne ba na kama sunansa, yana aiki a ofishin jakadancin ƙasarmu a can. Tun da na sauka a unguwarsu Filatbush nake kulle a saman bene, in na leƙa taga bangon maƙwabta ne ke kallona. Da muka yi arba'in sai ya ce zai kai ni wani dandali in ga wata ƙofa mai tarihi. Kafin mu fita ya durƙusa a gabana.

"Inna, wurin da za mu akwai masu hawa kan akwati suna magana. Don Allah kallo kawai. Aikinmu bai yarda a ga ɗayanmu a taron siyasar mutanen nan ba. In aka ɗauki hotona a ciki, ranar Litinin sai dai in haɗa kayana."

Na ce ni da ko zo in kashe ki ba na ji da Turanci, ina ruwana da siyasarsu?

Surukata ta jawo keken jarirai, na ce a mayar. Ɗan mutum ba kayan talla ba ne da za a riƙa tura shi a gaba. Na goya jikana na tamke da majanyi, muka sauka.

Jirginsu a ƙarƙashin ƙasa yake tafiya, kamar gafiya. Sai ka jefa wani ɗan ƙarfe mai kama da anini kafin sandar ƙofa ta sake ka. Ciki kuwa ƙara kamar ana daka a tsakiyar kanka, an yi wa bangon rubutu birjik har kan tagogi. Na yi wa mutanen da na tarar sallama, kamar yadda ɗan halas zai yi. Babu wanda ya ɗaga kai. Kowa ya tura fuska cikin jarida. Na sake yi da ƙarfi ko ƙarar ce ta hana su ji, surukata ta ɗan taɓa gefen mayafina ta ce, "Inna, nan ba a yi." Na haɗiye sallamata, ta tsaya mini a wuya har muka fito.

Tafiya ta yi tafiya, sai ga mu a dandalin, sai ga ƙofar. Gaskiya doguwa ce, farin dutse ce tas, an sassaƙa mata ado har sama, da gunkin wani mutum tsaye a kowane gefe. Ɗana ya ce don tunawa da shugabansu na farko aka gina ta. Na duba dama, na duba hagu, na ce to ina ganuwar? Ya ce babu. Ina ƙyauren? Babu. Sarkin ƙofa fa? Ya yi dariya. Jama'a, ƙofa ce tsaye a fili ita kaɗai, ba ta tsare kowa ba, ba ta hana kowa ba. Masu wucewa ma rabinsu ta gefenta suke bi, har da karnuka. An kashe dukiya an gina mashiga, ba a gina abin da za a shiga ba. Ni dai na yi bisimilla na bi ta cikinta da ƙafar dama, don kada a ce na zo ban ba ta haƙƙinta ba.

Daga ciki akwai wata babbar kwatarniyar ruwa mai feshi, samari sun kewaye ta, gashi har kafaɗa, ba ka bambance namiji da mace sai sun juyo, wani ma ko ya juyo. Suna ta kaɗa molonsu. Can gefe tsofaffi sun duƙufa kan wata irin dara. Aka saya mini wani burodi da aka murɗe kamar gammo aka barbaɗe da gishiri, ya kusa tafiya da haƙorina na gaba. Naman da suke cusawa cikin burodi ban ko kalle shi ba, tunda ban san wanda ya yanka ba. Gyaɗa soyayya kuwa, ɗan ƙunshin da bai cika tafin hannu ba, da aka juya mini kuɗin zuwa namu sai na ce a mayar wa mai tallar da abarsa, mu da muke noma ta ba za a yi mana wannan cin fuska ba.

Ana nan sai muka iso wurin masu magana. Kowa ya kifa akwatin katako ya hau, kowa da abin da ke cinsa. Wannan yana nuna sama, wancan yana dukan ƙirji, wata mata tana kaɗa takarda. Masu saurare kuma ba ladabi, ana magana suna mayarwa, wani yana cin abinci, wani ya yi ihu ya wuce. Ɗana ya ce nan kowa yana da ikon faɗin abin da ya ga dama, ko shugaba ya zaga ba mai kama shi. Ya ce in jira su a kan wani benci, za su je neman wurin da surukata za ta kama ruwa.

To a gaban bencin nan akwai wani tsoho. Bature ne, siriri, kwat ɗinsa ta tsufa, ya riƙe hularsa a ƙirji. Yana kan akwatinsa yana magana, muryar ta dishe, kuma babu ko mutum ɗaya a gabansa. Tattabaru ne kawai ke kiwo a gindin akwatin.

Ku faɗa mini, a ina aka taɓa yin haka? Mai wa'azi da mai ja masa baki. Mawaƙi da 'yan amshinsa. Ko ni in na ce ga ta nan, sai an ce ta zo mu ji ta kafin in ɗora. A bar mai furfura yana zuba magana a ƙasa kamar ruwan wanki? Na daure, na kau da kai, na tuna gargaɗin da aka yi mini. Sai ya kai ƙarshen wata magana ya ɗan tsaya, irin tsayawar da mai magana ke yi don a karɓa masa. Wallahi bakina ne ya riga ni.

Na ce, "Na'am."

Ya juyo ya dube ni. Ya ƙara wata maganar, ya tsaya. Na ce, "Haka ne." Ya ƙara. Na ce, "Ikon Allah." Sai ga murya ta dawo wa tsoho. Ya fuskanto ni sosai, yana yi ina karɓa, jikana yana barci a bayana. Masu molo suka ji, suka taso. Masu karnuka suka tsaya. Kafin ka ce me, an yi mana zobe, wasu samari har sun fara kwaikwayona, in ya tsaya sai su ce na'am da karkataccen harshensu. Ga wani mai gemu da na'urar hoto a wuya yana ta zagaye mu.

Na hango ɗana can ƙarƙashin ƙofar nan, ya ja hula ya rufe rabin fuska, yana yi mini alama da hannu in taso. Surukata ta lallaɓo ta raɗa mini, "Inna, ya ce don girman Allah ki zo." Na ce mata a gidanku ana tashi a bar babba a tsakiyar magana? Bari ya kai aya. Amma tsohon nan, da alama ya daɗe bai samu kunne ba, ya ƙi kai aya. Ni ma fa na gaji, ƙafata ta yi tsami, rana ta karkata, ga azahar tana neman wuce ni. Haushi ya ishe ni, na tsoho, na taron, da na wancan da ya maƙale a gindin ƙofa kamar ba ni na haife shi ba.

Can sai na ga hawaye yana bin kumatun tsohon. Na ɗaga kai, sai ga ɗana yana ratso mutane, ya cire hular daga fuska. Ya zo ya durƙusa a gefena, a gaban kowa, a gaban mai hoton.

"Inna, kin san abin da yake faɗa?"

"Da na sani zan tambaye ka?"

"Ɗansa ne aka kai yaƙin da ƙasarsu ke yi a wata ƙasa mai nisa, aka dawo masa da gawa. Shi kenan gare shi. Duk Lahadi yake zuwa nan yana cewa a daina yaƙin."

Na ce inna lillahi. Ashe zaman makoki mutumin nan yake yi shi kaɗai, a tsaye, a kan akwati. Na ce wa ɗana, "Tashi ka gaya masa na ce Allah ya ba shi haƙuri, Allah ya sanyaya masa." Ya dubi mai hoton, ya dube ni. Sannan ya miƙe ya faɗa da Turanci, da ƙarfi, kowa ya ji. Tsoho ya sauko daga kan akwati, ya kama hannun ɗana da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Ina jin na'urar nan tana ƙyas, ƙyas.

A jirgin komawa ba wanda ya ce uffan, mun zama kamar 'yan garin.

Cikin satin hoton ya fito a wata 'yar jarida. An kawo mini na gani: ni da goyona, bakina a buɗe kamar mai kiran kaji, ɗana da tsoho hannu cikin hannu. Mai gidansu na ofis ya kira shi. Ranar bai ci tuwon dare ba. Abin da aka yanke shi ne aikinsa yana nan, amma an ja masa kunne, an kuma ce a sallami tsohuwa cikin mutunci kafin ta ƙara halartar wani taron. Da ya zo gaya mini ya kasa haɗa ido da ni, yana ta ba ni haƙuri. Na ce ya bar shi, ya tashi ya nemo mini igiyar ɗaure kaya. Ban gaya masa ba, don ba a yabon ɗan fari a gabansa, amma tun da na haife shi bai taɓa yi mini abin da ya kai durƙuson nan ba.

Haka na sauka Kano da sauran watanni a cikin waɗanda aka ɗibar mini, jikana ko zama bai fara ba. Kun dai ji dalili, ba faɗa na yi da surukata ba kamar yadda wasu ke yaɗawa. Abin da na gano a tafiyar nan shi ne, a can an sakar wa kowa baki, amma wanda ya tsaya ya saurara shi ke ɗaukar laifi. Ni dai har yau in Lahadi ta zagayo, ina tsaka da tsince shinkafa sai in tuna tsohon nan ya hau akwatinsa, ya kai ƙarshen magana, ya ɗan tsaya. Sai in ce na'am daga nan, ko Allah zai kai masa.