Hannun da ladaninmu ya ɗaga

Malam Edita, a tsakiyar shekarun dubu biyu ni saurayi ne mai zafin kai, ban daɗe da barin Maradi ba, ina lodin kaya a wani kamfani a birnin Greensboro, can ƙasar waje. Duk Asabar mukan tafi wani fili mai itatuwa a Pleasant Garden mu yi wasan yaƙi da bindigar eyasof, irin mai harba 'yan ƙwallayen roba kamar ƙwayar wake. Wasan ba shi da alƙali mai bin kowa. Idan harsashi ya same ka, kai da kanka za ka ɗaga hannu ka fita. Wanda bai ɗaga ba kuwa maƙaryaci ne, shi ke nan.

Cikin masu zuwa akwai wani ɗan zangon Kumasi, ya girme ni, shi ne ladanin masallacinmu na East Greensboro. Wallahi na tsani mutumin nan. Sai in saita shi daga nesa in harba, ina kallon harsashin ya nufe shi, amma ko gezau. In an tashi ya zo yana washe fararen haƙoransa, yana kirana ƙanensa, yana cewa in ajiye bindiga in koma kiwon awaki, wai ganyen itace kawai nake gaisarwa. Mutane su yi ta dariya. Ni kuwa na rantse a raina ƙarya yake yi, kuma sai na sa ya ji harbin da ba zai iya musantawa ba.

Wani Bature mai shago wajen Summerfield ya sayar mini da sifirin mai ƙarfi, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ƙara wa bindiga ƙarfin harbi, da bututu mai matsattsen ciki, da sabuwar robar da ke murza harsashi don ya tafi a miƙe, da harsashi mai nauyi. Ya gaya mini wanda nake sawa a da bai da nauyi, iska ke kwashe shi tun bai kai inda nake zato ba. Ban ma saurare shi ba. Ya kuma gargaɗe ni kada in harbi mutum a kusa da wannan bindiga, na ce masa to. A ƙofar filin akwai na'urar auna gudun harsashi, kuma da marar nauyi ake gwaji. Na san da shi bindigata za ta wuce ƙa'ida, sai na cika ta da mai nauyi a ɓoye, na'urar ta nuna gudu kaɗan, aka bar ni na shiga.

Ranar na rabu da kowa, shi kaɗai na bi. Na laɓe bayan tulin tayoyi har ya matso inda zan iya jifansa da takalmi. Gilashi ya kare idonsa, amma bakinsa a buɗe yake, yana kiran wani. Ba ƙirjinsa na saita ba lokacin da na harba. Ya durƙusa, ya tofar da jini da guntayen haƙoran gaba guda biyu, sannan kafin ya riƙe bakinsa sai ya ɗaga hannu sama. Maganar mai shago ta dawo mini, na gane cewa da na taɓa samunsa ko sau ɗaya, da tuni ya ɗaga.

Mai filin ya sake gwada bindigar, ya kore ni a gaban kowa. Alhaji shugaban masallaci ya zaunar da mu, ya yi mini faɗan da ubana bai taɓa yi mini ba. Ladanin ya ce ba zai kai ni wurin 'yan sanda ba don kada takarduna na zama a ƙasar su lalace, amma kada in ƙara kiransa yaya. Ko bayan an sa masa haƙoran roba bai koma kiran salla ba, ya ce haruffan ba sa fita yadda ya saba. Har yau in na yi masa sallama yakan amsa, amma ba ya kallona.

'Yan'uwana matasa, kowa na iya gyara bindigarsa, amma ya fara tambayar kansa don wa yake gyara ta. Ni na yanke wa mutum hukuncin ƙarya ban bincika ba, alhali ni ne na shiga filin da ƙarya. Bindigar na jefar da ita tuntuni. Amma duk Juma'a in na ji muryar wani a lasifikar masallacinmu, na san ni na sa shi a wurin.