Gishirin da Inna ta Aike Ni Saye a Dahome

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa da dama, sunayen mutane da na garuruwa, amma akwai wata tafiya da na yi zuwa ƙasar Dahome, wadda yanzu ake kira Benin, da ba na jin za ta taɓa fita daga raina. A shekarar da muka sami 'yancin kai ne, bayan an gama girbi. Ban ce duk maganar da zan kawo haka aka faɗe ta kalma da kalma ba, amma ma'anar dai ina da yaƙini a kanta.

A lokacin na gamo karatu a jami'a can Kudu, na dawo gida Sharabi ina jiran a tura ni inda zan koyar. Cikin abubuwan da na ɗauko har da wani darasi da wani malaminmu Bature ya yi mana a kan halayen mutane. Ya ce masanan zamanin da sun kasa ɗabi'ar ɗan Adam kashi huɗu. Akwai mai zafin rai da saurin yanke hukunci, akwai mai fara'a da son taro wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, akwai mai sanyin hali da ba a cika ganin tashin hankalinsa ba, sai kuma mai yawan tunani da zullumi, wanda yake auna abu har lokacin yinsa ya wuce. Da ya zo kan na ƙarshen nan sai na sunkuyar da kai, don ji na yi kamar ya leƙa cikina ne yake karantowa.

Da na dawo, na kai wa Kawu, ƙanen mahaifiyata, wannan labari a Bagudo, inda yake da 'yar makarantarsa a zaure. Na zaci sabon abu na kawo masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Wanga ai shina cikin littattafan magani na malamanmu," in ji shi. "Wuta, iska, ruwa, ƙasa. Kai kuwa ƙasa ne tun kana goye. Ko nono anka ba ka sai ka tsaya ka dube shi tukuna."

Na ji kunya kaɗan, amma na ji daɗi sosai. Daga ranar na shiga rarraba mutanen gidanmu a zuciyata, kowa da gurbinsa. Inna na sa ta a ruwa, don ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Yayana kuwa ba sai an yi shawara ba, wuta ne.

Shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ne auta, kuma a lokacin ya yi damina biyu ba ya gida. Da siyasa ta shigo ƙasarmu ya bi jam'iyyar da dattawan gidanmu ba sa so. Wata rana Baffa, wan marigayi mahaifinmu, ya ci masa mutunci a tsakar gida gaban mata da yara. Yaya ya mayar da magana da ƙarfi, irin wadda ba a mayar wa babba, Inna tana tsaye da taɓarya a hannu. Kafin magariba ya ɗaure kayansa ya tsallaka iyaka. Muka riƙa jin labarinsa wurin fatake, wai yana wani ƙauye na bakin Kwara yana sana'ar bandar kifi.

Inna ba ta taɓa ambatonsa ba. Na san al'adar kunyar ɗan fari, na san uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna damuwa da shi gaban mutane. Amma da yake na riga na sa ta a ruwa, sai na ɗauka har cikin zuciyarta haka abin yake, ta haƙura ta bar wa Allah. Abin da ya fi damuna a lokacin shi ne idanunta. Yanar ido ta fara rufe su. Ta daina tsintar tsakuwa a shinkafa, kuma in na shigo da yamma sai na yi magana take gane ni.

Wata safiya ina shan kunu ta ce, "Auta, gishirin kasuwar nan bai da daɗi. An ce na mutanen can hayi ya fi. In ka samu sarari ka tahi ka sawo min."

Na ce to. Sannan na kwana ina juya maganar. Gishirin da ake sayarwa a Bagudo ai daga can ake kawo shi. Ko tsufa ne ya fara taɓa ta? Ko kuwa ciwon idon ne ya canza mata ɗanɗano? Har na yi tunanin in sayo a kasuwar Bahindi in ce daga can ne, don in huta da tafiyar. Da abin ya ishe ni na hau keke na tafi wurin Kawu.

Bai yi dariya ba wannan karon. Ya dube ni ya ce, "Duk karatun nan naka? Ɗanta taka son gani tun idanun ba su ƙarasa rufewa ba. Ba ta iya faɗi, shi ya sa ta aike ka gishiri."

Na fara kawo dalilai. Na ce watakila ya fi kyau a aiki wani babba. Na ce Yaya wuta ne, ni ƙasa, ba lalle ya saurare ni ba. Na ce haka Allah ya halicce ni, ba na iya gaba da gaba da mutum.

"Tsaya nan," in ji Kawu. "Ba a sanar da kai halinka don ka samu wurin ɓuya ba. Mai wuta, aikinai gaban Allah shi koyi zama. Kai naka aikin ka koyi tashi. Kowa da inda anka jarrabe shi. In ka san inda kake faɗuwa, to nan ne ibadarka take."

Washegari na kama hanya ta wajen Illo. Abin da na yi a bakin iyaka har yau in na tuna sai na yi dariya. Mutane suna ta wucewa da jakuna da tallan nono ta 'yar hanyar da kakanninsu suke bi, ba mai ce musu kanzil. Ni kuwa na sauka daga keke, na yi ta tambaya har na gano rumfar jandarma, wato ɗan sandan can ƙasar, na tashe shi daga gyangyaɗi, na zube masa duk takardun da na mallaka, har da shaidar gama makaranta. Ya juya su sama da ƙasa, ya yi wata magana da Faransanci, sannan ya ce da Hausa, "Malam, wuce mana."

Na sami Yaya a bakin ruwa, cikin hayaƙi, yana juya kifi a kan ragar banda. Ya yi baƙi, ya rame, amma muryar tana nan. Da ya hango ni ya jefar da sandar hannunsa.

"Kai! Malam Watakila! Wa ya nuna maka hanya? Ko kuwa watakila ba kai ba ne?"

Sunan da yake tsokanata da shi ke nan tun muna yara, don wai ko an tambaye ni ko na ƙoshi sai in ce watakila. Ya rungume ni har na ji ƙaurin kifi ya shiga rigata. Ya ja ni yana nuna ni ga maƙwabtansa Dandawa, yana ce musu ga ƙanensa da ya karance littattafan Turawa kaf.

Tun a hanya na tsara yadda zan bi da shi. Na ce mai wuta ba a tunkararsa kai tsaye, sai an kewaya, an bari ya huce, an jira lokacin da ya dace. Haka na yi ta kewayawa. Ya tambayi gida, na ce lafiya lau. Ya tambayi gero, na ba shi labarin gero har da na gonar maƙwabta. Muka yi hirar bikin 'yancin kai, da tutar da aka ɗaga, da wanda ya yi maye ya faɗa rijiya. Sau da yawa yakan dube ni kamar mai jiran wani abu, ni kuma in ce a raina lokaci bai yi ba tukuna. Shi ma bai ambaci Inna ba, sai dai ya ce, "Mutanen ɗaki fa?" in ce suna gaisuwa.

Ana haka, wata safiya na farka na tarar ana loda kwandunan kifi a wani babban jirgin ruwa. Yaya yana tsaye a ciki, ya naɗe wando, yana ba da umarni.

"Ina zuwa?" na tambaye shi.

"Gaya, daga nan mu wuce Yamai. Sai ruwan sama ya sauka muka komowa, in Allah ya so. Kai ma ka gaji da cin kifi, ka koma ka gaishe su."

Sai ruwan sama ya sauka. Na tuna yadda Inna take lalube bakin ƙofa kafin ta fita. Na tsaya a kan yashi, kuma ko a lokacin bakina ya fara shirya wata kewayar. Har na buɗe shi na ce, "Yaya, watakila da za ka ɗan..." sai na ji abin da nake faɗa. A nan ne na gane cewa duk kewaye-kewayen nan ba don zafin ransa nake yi ba. Mutumin nan tun da na zo bai ɗaga mini murya ba. Tsorona nake lallashi, na sa masa suna hikima. Na karanci halin Yaya don in san yadda zan kauce masa, alhali nawa halin ne ya tsare hanya.

Masu tuƙi sun riga sun ɗauki gora. Na yi bisimilla a zuci, na shiga ruwa da takalmana har gwiwa, na riƙe bakin jirgin.

"Yaya, Inna tana makancewa. Ba za ta kai damina tana gani ba. Ta aiko ni nan in sayo mata gishiri."

Ban taɓa yin magana gajeriya haka ba a rayuwata. Na jira tsawa. Na jira ya ce don me ban faɗa ba tun ranar da na zo.

Ya zauna a kan kwandon kifi kamar an zare masa ƙashi. Abin da ni sai da Kawu ya fassara mini, shi nan take ya gane shi.

"Gishiri ta ce?" Muryarsa ta yi ƙasa har da ƙyar na ji. "Da bakinta?"

Na ce da bakinta.

Ya rufe fuska da hannu. Can ya ce, "Ni ba don Baffa na ƙi komawa ba. Wanga fushi ya daɗe da wucewa. Gabanta na yi hargowar nan, tana tsaye. Da wane ido zan dube ta? Na aza ba ta son ganina."

Ashe mutumin da na rubuta a zuciyata cewa wuta ne, damina biyu ya yi yana zullumi irin nawa. Ita kuma da na ce ruwa ce, Allah kaɗai ya san abin da yake ci a cikinta.

Ya miƙe ya yi wa abokan tafiyarsa magana da Dandanci, ya bar musu kifin su sayar masa. Ya diro cikin ruwa, ya dubi ƙafafuna ya ce, "Dubi Malam Watakila da takalman jami'a cikin Kwara. Taho mu tahi kafin ka canza shawara." Shi ya tuƙa keken, ni ina baya. Ta 'yar hanyar jakuna muka bi, ban ko tuna da jandarma ba.

Mun isa Sharabi da la'asar. Ya fara tsayawa a zauren Baffa, ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya yi ta gyaran murya, daga ƙarshe ya ce, "Ka shiga ciki, ana jiranka." Inna tana zaune a bakin ɗakinta. Yaya ya tsuguna can nesa, wajen rumbu, ya yi gaisuwa kansa a ƙasa. Ba ta amsa masa ba. Ni ta juyo ta yi wa magana.

"Auta, ce wa baƙon nan shi matso wajen haske. Nan inuwa ta yi yawa."

Ya matso har rana ta sauka a fuskarsa. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, tana ƙanƙance ido, abin da ban taɓa ganin ta yi ba tun da na yi wayo. Ba wanda ya motsa a gidan. Sannan ta kau da kai, ta gyara bakin zanenta, ta ce da ni, "Ya rame. A ɗora tukunya."

Kafin damina ta tsaya idanun suka rufe gaba ɗaya. Ta rayu shekaru bayan haka, kuma Yaya ne yake riƙe mata hannu zuwa duk inda za ta, ita kuwa har ta koma ga Allah ba ta kira sunansa ba.

Ban watsar da ilimin ɗabi'un nan ba, kuma ba zan ce wa kowa ya watsar ba. Na yi shekaru ina koyarwa, ya taimake ni ƙwarai, musamman wajen haƙuri da yaran da ba irina ba. Har yau ni mai zullumi ne, ina jin da shi za a binne ni. Sai dai tun daga bakin ruwan nan na koyi cewa in mutum ya san halinsa, to ya san inda zai yi yaƙi da kansa ne, ba lasisin zama yadda yake aka ba shi ba. Na kuma koyi in yi hankali da gurbin da nake sa mutane, don abin da ke zuciyar bawa ya fi kashi huɗu yawa. In na ji bakina ya fara kewaya a wurin da gaskiya take jira, nakan tsaya in tambayi kaina tsakanina da Allah ko wancan mutumin nake tausayi ko kaina. Mafi yawan lokuta kaina ne. Sai in yi bisimilla in faɗa.