Tabki a Ɗakin Hajiya

A zamanin ƙuruciyata ruwa a Cadakori abin ɗauka ne a kai. Mata su tafi rijiya tun da safe, su ja guga har tafin hannu ya yi kanta, su dawo su zuba a randa a rufe da faifai. Wanda aka wanke kwanuka da shi ba a zubarwa, na awaki ne. Ban taɓa jin wanda ya ajiye ruwa don ya zauna yana kallonsa ba. Yanzu akwai tanki a bisa ƙarafa, hasken rana ke jawo masa ruwa daga ƙasa, an kuma ja bututu zuwa gidaje da dama, har da nawa. Ba don wannan pampo ba, da abin da zan faɗa bai faru ba, don ba wanda zai yarda ya ɗauko mini a kai ruwan da na kashe.

Na yi shekaru ina tuƙin babbar mota, daga baya na koma sayo wa 'yan kasuwar Maradi kaya a ƙasashen waje, saboda ina jin Faransanci da Larabci, da ɗan Yarabanci da Buzanci na ciniki. Duk tsawon wannan lokaci Hajiya, matata, tana gidan nan. Ita ta san inda katanga ke zubewa da damina, ita ta san wanda ya rasu da wanda aka haifa. Da na ajiye tafiya na dawo don in zauna, ba mu cika shekara uku ba sai ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da rana ne, tana tankaɗe a tsakar gida. Maganarta ta ɗauke gaba ɗaya. Bayan an sallame mu daga asibiti muka dawo gida, tana cin abinci kamar cokali uku, sai ta rufe baki ta juya wa bango fuska.

Ɗiyarmu ta fari tana aure a Maradi. Ban taɓa kiran sunanta ba, ita ma ba ta kallon idona. Haka aka tashe mu game da ɗan fari. Don haka da tana da magana da ni, sai ta bi ta hannun taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda magini ne, gidansa na bayan nawa. Ya same ni a zaure ya zauna ba sallama, kamar yadda ya saba.

Ya ce, "Bawana, an aiko ni wurinka. Ɗiyarka ta ce za ta ɗauke uwarta ta kai ta Maradi. Ta ce kai ko kunu ba ka iya damawa."

Na ce, "Ka ce mata ta bar mini ita zuwa kaka."

"In kaka ta yi fa?"

"In tana ci, ta yi ƙiba, a bar ta ɗakinta. In ba haka ba ta zo ta ɗauka."

Ya tafi ya dawo ya ce ta yarda. Lokacin bazara ne, ana sharar gonaki. Ina da wata huɗu ke nan ko biyar.

Akwai wata maƙwabciya da ke zuwa safe da yamma tana yi mata wanka da girki. Alwala kuwa ni nake yi mata. Wata rana na kawo ruwa a ƙwarya, na wanke mata hannun hagu, na tashi zan ɗauke, sai ta riƙe bakin ƙwaryar. Ta mayar da hannun cikin ruwan ta bar shi, tana motsa yatsu. Muka daɗe a haka. Ranar ta sha fura fiye da yadda ta saba.

Ita 'yar bakin gulbi ce, daga wani ƙauye kusa da Tibiri. Da muna sabon aure takan ba ni labarin yadda suke shiga tabki bayan damina su tsinko 'ya'yan bado su ci, har uwarsu ta zo da bulala. Na kawo ta cikin rairayi na tafi na bar ta. Ni kuma a yawona na ga gidajen da ruwa ke zaune a cikinsu. A birnin Fas na kwana gidan wani ɗan kasuwa inda akwai ɗan tabki a tsakiyar gida, an kewaye shi da tukwanen ganye, iyali na shan shayi a gefensa. A ƙasar Sin na sauka wani masauki da suka jera duwatsu cikin falo, jajayen kifaye na kewaya su. Har a Tarabulus, inda ruwa ke da tsada kamar nan, na ga irinsa. Sai na ce zan yi mata nata, a ɗakinta, inda hannunta na hagu zai kai daga kan gado.

Da na gaya wa taubashina sai da ya ajiye goron da yake ɓarewa.

"Tabki? Cikin ɗaki? Mi kaka sha a ƙasashen da kat tafi?"

"Za ka gina ko in nemo wani?"

"Ni zan gina mana. Ina so in ga ƙarshen haukan ga da idona. Amma in mutane sunka ce kana kiwon iskokin ruwa, kada ka ce ni na koya maka."

Mun matsar da gadon zuwa tsakiya, muka haƙa kusurwar da ke daura da taga. Tsawonsa taki biyu, faɗinsa taki ɗaya da rabi, zurfinsa zuwa gwiwa. Hajiya tana kwance tana kallonmu muna fitar da ƙasa da kwano. Taubashina yana aiki yana yi mata hira kamar za ta amsa. "Matarmu, kin ga abin da kika aura? Da ni kika zaɓa da yanzu kina bisa bene." Gefen bakinta mai lafiya ya ɗan motsa. Ban sani ba ko murmushi ne.

Ya shafe ramin da siminti ciki da baki. Sai maganar duwatsu ta taso. Ƙasarmu rairayi ce, mutum sai ya yi tafiyar yini bai yi tuntuɓe da dutse ba. Na sa mai amalanken jaki ya kawo mini marmara daga ramin da masu gyaran hanya suka haƙa, muka tayar da ɗan tudu a bayan tabkin, jikin bango. Sauran kuma ina da su a gida. Matafiyi yakan riƙe ɗan dutse a jaka don taimama, in ruwa ya yanke ko yana inda ba ƙasa. Ni duk inda na je sai na tsinci sabo, in na dawo in bar tsohon a gida. Akwai baƙi daga Tamanrasat, da mai ruwan toka daga Jos, da wani fari sumul da na ɗauka a bakin kogi a Bamako. Hajiya ta daɗe tana tokare ƙofa da su tana fasa goriba. Na tattaro su, sun kai ashirin, na jera a bakin ruwan. A tsakanin marmarar na dasa kabar giwa, wannan ganye mai kauri da ba ya son ruwa da yawa.

Siminti na bushewa na cika ramin daga pampo. Na hau babur zuwa garinsu Hajiya, na sa aka ciro mini saiwar bado da taɓonta, da kainuwa mai yawo a bisa ruwa, da ƙananan kifin karfasa guda goma a bokiti. Na zuba su duka rana ɗaya. Washegari kifayen na bisa ruwa, cikinsu a sama. Ɗakin ya ɗauki ƙarni, Hajiya ta ƙi cin komai ranar. Taubashina ya leƙo ya ce, "To ai sabon siminti guba ne, sai an jiƙa shi an zubar, an jiƙa an zubar." Na ce me ya hana ya faɗa tun farko. Ya ce, "Kai da ka je ƙasar Sin? Na ɗauka can sun gaya maka."

Ba su gaya mini ba, ban kuma tambaya ba. A duk gidajen nan baƙo nake. Na zauna na sha shayi na yaba, ban taɓa tambayar wa ke wanke ruwan, ko me ya sa kullum yana gudana, ko aikin me kifin yake yi a ciki ba. Na ɗauka ado ne. Na kwashe ruwan sau huɗu ina sakewa, na mayar da tsirran, na kuma yanke cewa ba zan ƙara sa kifi ba, don kada ƙarnin nan ya sake hana ta ci.

Bayan mako biyu ganyen bado ya fara yin rawaya. Hasken taga bai ishe shi ba. Muka cire fallen kwano ɗaya daga rufin, muka sa na roba wanda rana ke ratsawa. Daga nan ya farfaɗo. Damina ta sauka, mutane na gona, ni ina ɗaki ina tsince busassun ganye da hannu. Na tura gadon har bakin ruwan. Kowace safiya sai Hajiya ta sauke hannun hagu ta bar shi a ciki, wani lokaci ta kamo kainuwa ta matse ta sake. Tana shan fura, ta fara karɓar tuwo mai laushi. Maƙwabciyar da ke yi mata wanka ta ce ta ƙara nauyi. Wata safiya bayan na dawo daga masallaci na tarar fure ɗaya ya buɗe, fari, faɗinsa kamar tafin hannu. Hajiya tana kallonsa, wani sauti na fita daga maƙogwaronta, ba kalma ba ce. Na tsaya a bakin ƙofa ina jira in ji daɗi. Abin da ya zo mini kawai shi ne lissafin makonnin da suka rage kafin kaka.

Gero na cikin fitar da kai zazzaɓi ya kama ta. Da hantsi jikinta ya yi zafi kamar garwashi, kafin azahar tana rawar sanyi, haƙoranta na haɗuwa. Na kira majo, babban ma'aikacin ɗan asibitin garinmu. Ya soki yatsarta ya gwada jinin, ya ce zazzaɓin sauro ne, ya yi mata allura ya rataya ƙarin ruwa a ƙusar bango. Yana naɗe kayansa ya kalli tabkin. Ya ce in ba shi ludayi. Ya ɗebo ruwa daga ƙarƙashin kainuwa ya miƙo mini daidai haske. Ƙananan tsutsotsi ne a ciki, suna wutsil-wutsil, ba su ƙirguwa.

Ya ce, "Alhaji, waɗannan 'ya'yan sauro ne."

Na ce, "Tana kwana cikin gidan sauro."

"Hannunta fa?"

Hannun a waje yake kullum, ni da kaina nake ɗage mata gefen gidan sauron don ya kai ga ruwa. Majo ya ga fuskata ya ce damina ce, rabin gari na kwance da wannan zazzaɓi, ba wanda zai iya cewa ga sauron da ya cije ta. Ya ce da akwai kifi a ciki da sun cinye tsutsotsin. Na yi masa godiya na raka shi zaure.

Zazzaɓin ya yi kwana shida. Duk abin da ta tara a wata uku ya zube. Ɗiyarmu ta iso ran kwana na huɗu da motar haya. Ta durƙusa ta gaishe ni kanta a ƙasa, ta shiga ɗakin. Ba ta taɓa ganin tabkin ba, labari kawai take ji. Da ta fito ta tarar da taubashina zaune kusa da ni a tabarma, sai ta fuskance shi, ko da yake tsakanina da ita bai fi taki uku ba.

Ta ce, "Baba ƙarami, ka gaya wa Baba in ta ji sauƙi zan tafi da ita."

Ya ce, "Ɗiyata, kaka ba ta yi ba tukuna. Kuma da kin gan ta watan jiya, tana cin tuwo. Ni shaida ne."

"Na yarda. Ka ce masa ban ce ya yi laifi ba. Amma kafin a ɗauko majo a nan, can an kai ta asibiti an dawo."

Taubashina ya juyo wurina. Ina da amsoshi: in cike ramin da ƙasa a yinin nan, ko in sa kifi, ko in mayar da Hajiya wani ɗakin. Na san yadda ake ciniki da harshe huɗu, na sha shawo kan jandarma a kan iyaka. Amma mutum ba ya jayayya da ɗiyar fari, kuma ludayin nan na gan shi da idona.

Na ce, "Ka ce mata to."

Ran da za su tafi ni da direban muka ɗauko Hajiya a katifa muka sa ta a bayan mota. Ba ta da nauyi. Ta kalle ni, ta kalli ƙofar gida, na kasa gane abin da ke cikin kallon. Na gyara mata mayafi na rufe ƙofar motar. Da suka sha kwana na koma ciki na kashe pampo, don na bar shi yana zuba.

Bayan mako guda na sake zuwa bakin gulbi na kawo karfasa. A kwana uku ba tsutsa ko ɗaya. Kifayen suna nan har yau, sun hayayyafa, bado na fure duk shekara. Taubashina kan zo da yamma ya zauna a bakin gadon ya jefa musu dusa, yana zagin su, yana cewa su ma bayinsa ne.

Ina zuwa Maradi duk bayan mako biyu. Tana da tsabta, tana ci, jikoki na kewaye da ita, ɗakin da take yana da fanka. Ina zama a gefenta in yi mata alwala, in ba ta labarin gari, in kama motar la'asar. Har yanzu ba ta yi magana ba. Kaka ta zo ta wuce sau uku, ba wanda ya tayar da zancen dawowarta, ni ma ban tayar ba. Tun ranar da motar nan ta fita da ita, ni da Hajiya ba mu ƙara zama gida ɗaya ba.