Sakwarar da Ta Tsaya Mini a Ƙirji

Shekarun baya, lokacin da nake koyar da lissafi a wata makarantar sakandare da ke hanyar Shabu, ni kaɗai nake zaune a ɗakin haya a Bukan Sidi. Matata da yara suna gida wajen mahaifiyata, sai ƙarshen wata nake zuwa in gan su. A duk garin Lafia mutum ɗaya nake iya kira abokina, malamin aikin gona na makarantarmu, ɗan ƙabilar Eggon, Kirista. Yana da babur, ni ba ni da shi, saboda haka kullum da safe yakan tsaya a bakin layinmu in fito da takardu a hammata in hau baya.

Tun shekarata ta farko a garin na lura da wani abu. Da zarar damina ta zo ƙarshe, ciyawar bakin hanya ta yi tsawo ta fitar da fure, sai atishawa ta kama ni. Hanci ya yi ta zuba, idanu su yi ja suna ƙaiƙayi. A aji sai in jera guda goma ban kai ƙarshen jimla ba, har ɗalibai suka riƙa ƙirga mini. Wannan kowa ya sani, kowa kuma yana dariya, har da ni.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, a daidai wannan lokacin abinci yakan tsaya mini a ƙirji. Ba shaƙewa ba ce, ina numfashi lafiya lau. Lomar ce kawai takan sauka rabin hanya ta tsaya, kamar an ɗaure bakin buhu. Wani lokaci ruwa ya tura ta, wani lokaci sai na sa yatsa na dawo da ita. Da rani ya yi sai abin ya lafa, in ci komai, in ce wa kaina ai ya wuce. Tsoro nake ji in je asibiti a ce mini daji ne. Tsoro nake ji kuma in faɗa a gida, don na san mahaifiyata za ta ce sammu aka yi mini a baƙon gari, ta sa in ajiye aikin.

Sai abokina ya gayyace ni cin sabuwar doya. Shekara biyu ina zillewa, a ta uku uzuri ya ƙare mini. Ranar Asabar ce da rana. Tun a hanya yake gaya mini cewa kazar da za mu ci ma wajen wani malami a unguwarsu ya kai aka yanka, don kada in ji wani abu a raina. Mahaifiyarsa, tsohuwa ce da ta zo daga ƙauye tana zaune da su, ita ta ce ba wanda zai daka sakwarar baƙon ɗanta sai ita.

Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin mangwaro. Sakwara fara tas, miyar agushi tana ƙamshi. Na yi loma ƙarama, ta wuce. Ta biyu ma ta wuce. Sai na saki jiki na haɗa ta uku da tsokar kaza, na haɗiye, ta tsaya.

Na sha ruwa, ruwan ya dawo mini baki. Yawu ma ya ƙi wucewa. Abokina yana ta ba ni labarin gonar makaranta, ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga. Na yi masa alama da hannu kamar zan kama ruwa, na zagaya bayan gida, na durƙusa a gindin ayaba na sa yatsa a maƙogwaro. Da ƙyar ta fito. Ina ɗagowa na ga tsohuwar tsaye da kwanon ƙarin miya a hannu, tana kallona, tana kallon abin da na zubar a ƙasa.

Har yau ban san abin da ya hana ni yi mata bayani a wurin ba. Na goge baki, na ce, "Sannu, Mama." Na koma na wanke hannu, na ce na ƙoshi, na yi godiya na tafi. Malamin lissafi guda, amma lissafin da ya fi kowanne sauƙi ya gagare ni.

Ranar Litinin ya zo ya ɗauke ni kamar kullum. Sai da muka kusa makaranta ya tsayar da babur a gefen hanya, bai ko juyo ba.

"Malam, in abincinmu haram ne a wurinka, da ka faɗa mini. Mama ta gan ka."

Na ce, "Wallahi ba haka ba ne. Ba ni da lafiya, abinci ne yake tsaya mini."

Ya ce, "Wane irin ciwo? A watan huɗu a gabana ka cinye tuwo malmala uku da nama a gidan shugaban makaranta. Can bai tsaya ba, sai a gidana?"

Gaskiya ya faɗa. Ni kaina ban san dalilin da ya sa nake ci da rani in kasa ci da kaka ba, balle in fahimtar da shi. Bai yi faɗa ba, bai daina gaishe ni ba. Bayan sati ɗaya dai ya ce yanzu yana bin wata hanya don ya sauke matarsa, sai na koma hawa acaɓa.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi tsawo da na yi a Lafia. In an tashi tara, malamai su taru a ofis ana ciye-ciye ana hira, ni in zauna a aji ina makin takardun da na riga na duba. Da yamma in dama kunu in rufe ƙofa in sha. Ranar Lahadi nakan ji ƙarar turmi daga gidajen maƙwabta, in kunna rediyo. Kafin ƙarshen zango aka yi wa abokina canjin wurin aiki zuwa garin Awe. Daga bakin masinja na ji.

Da kaka ta sake zagayowa, wata rana tsokar tsire ta tsaya mini tun azahar, har washegari ko ruwa ba ya wucewa. Dole na je asibiti. Bayan sun taimaka ta sauka, suka tura ni wani babban asibiti a Jos. Can aka zura mini wata roba mai kyamara ta baki, aka ɗebi ɗan abu kaɗan daga hanyar abincin aka kai gwaji.

Da na koma karɓar sakamako, likitar, wata mace mai magana a hankali, ta tambaye ni abin da ban zata ba. "Kana yawan atishawa a wani lokaci na shekara?"

Na ce, "Duk ƙarshen damina."

"Abincin fa, yaushe ya fi tsaya maka?"

A nan ne na fara haɗa biyun a kaina. Ta ce ba daji ba ne. Ta ce irin ƙwayoyin jinin da ke taruwa idan jiki ya ƙi jinin wani abu, su ne suka taru a hanyar abincina suka kumbura ta har ta tsuke. Ta ce likitoci ba su gama sanin cutar ba, amma ana lura cewa wasu masu irin atishawata takan tsananta musu a lokacin da garin furen ciyawa ya cika iska. Ta ba ni abin fesawa irin na masu asma, ta ce ni kada in shaƙa, in fesa a baki in haɗiye. Ta ce in gwada barin madara da burodi mu gani.

Na roƙe ta ta rubuta mini bayanin a takarda. Ranar Asabar na shiga motar Awe.

Na sami abokina a ƙofar gida yana gyaran babur. Ya karanta takardar a tsaye, ya sake karantawa, sannan ya zauna a kan benci. Ya ce, "Ciyawar gamba ce. Duk hanyar makaranta gamba ne, kuma ni ne nake ratsawa da kai ta ciki kullum." Sai ya shiga ya kira mahaifiyarsa, ya yi mata bayani da yarensu. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce da Hausarta, "Ɗana, ni na ce hannuna ne kake ƙyama. Tun ranar ban sake daka wa baƙo sakwara ba."

Na ce, "Ki yafe mini, Mama." Ta ce ba komai, ta shiga ta dama mini kunun gyaɗa, ta zauna a gabana har na shanye.

Ba zan ce abotarmu ta koma yadda take ba. Awe da nisa, kuma shekarar da muka yi ba ma hira ta riga ta ci abin da ta ci. Mukan yi waya da Sallah da Kirsimeti. Ciwon ma bai rabu da ni ba, ya dai yi sauƙi, na koyi tauna a hankali da yanka nama ƙanana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsohuwar nan ta yi shekara guda tana zargin hannunta a kan abin da jimla ɗaya ta isa ta warware. Na ɗauka ɓoye ciwona ni kaɗai ya shafa. Yanzu duk gidan da aka ajiye mini abinci, kafin in sa hannu nakan ce wa mai gidan, "Ina da matsalar haɗiya, in kun ga na tashi, ba girkinku ba ne." Wasu su yi dariya, wasu su ƙaro mini ruwa. Sannan in yi bismillah.