Laimar da Ba Ta Buɗu Ba

Ranar Talata, sha bakwai ga watan Yuni, na fito daga aji ke nan da alli a hannu, sai wani tsohon abokin karatuna ya bugo waya ya ce Malam Mai Laima ya rasu a asibiti, bayan jinyar kwana tara. Na Allah muke, kuma komawarmu gare Shi take. Na nemi wuri na zauna.

Malam, shekara ashirin da shida kana uban ƙungiyar wasan kwaikwayo a kwalejinmu ta horon malamai, ba wanda ya ɗora maka, ba kuma wanda ya iya sauke ka. Duk yammacin Laraba, lokacin da 'yan ƙwallo suke fili, 'yan muhawara kuma suna ta kumfar baki a ɗakin karatu, kai kana zauren taro, kan bencin ƙarshe, da tsohuwar baƙar laimarka a kan cinya. Ba ka tsawa, ba ka katse mutum. In ɗan wasa ya yi magana ba ta iso baya ba, sai kawai ka buɗe laimar nan, fat! Ko sarki yake fitowa a wasan, dole ya koma farko. Mun sha yi maka tsiya cewa mu ne muka tsufar da ita, ba rana ba.

Wasu malamai sun ɗauki ƙungiyar nan ɓata lokaci. Amsarka ɗaya ce kullum: a kowane aji akwai yaron da yake zaune a bencin ƙarshe, kuma shi ma iyayensa sun turo shi ne ya ji.

Ni ban zo wurinka don son wasa ba. Na zo ne bayan na faɗi koyarwar gwaji, wadda ake tura ɗalibi makarantar firamare ya koyar, mai dubawa yana zaune yana ba shi maki. Darasina a rubuce babu na biyunsa, amma da na shiga aji sai na juya wa yara baya, na yi ta hira da allo ƙasa-ƙasa har aka kaɗa ƙararrawa. Dokar kwaleji kuwa, wanda ya faɗi sau biyu sai ya tattara nasa ya nasa, babu takardar shaida. Saura mini dama ɗaya.

Ka dube ni ka ce, "Ɗana, allo ba ya rubuta jarrabawa. Zo Laraba."

Ka ba ni rawar mai shela a kasuwa, jimla uku kacal. Wallahi a ranar farko sau goma sha ɗaya ka buɗe mini laima, har 'yan ƙungiya suka laƙaba mini Mai Kiran Ruwa. Na ji haushinka, na faɗa yanzu tunda gaskiya ce. Amma na dawo, na sake dawowa, wata huɗu cur, har ranar da na gama jimlolina na ga laimar tana kwance a cinyarka.

Ranar gwaji na biyu ba a yarda ka shiga ajin ba, tunda ba kai ne mai dubawa ba. Sai ka tsaya a waje, bayan tagar ƙarshe, inda zan iya hango ka. Ban yi minti goma ba hadari ya taso, ruwa ya kece a kan rufin kwano, ko na gaba da ƙyar yake ji. Na ji ƙafata tana ja na zuwa allo. Na ɗaga kai na dubi taga, sai na gan ka tsaye cikin ruwa, hularka ta jiƙe sharkaf, laima a rufe a hannunka. Ka san in ka buɗe ta zan ɗauka ba a jina, in rikice. Na buɗe murya yadda ban taɓa yi ba, har wata yarinya a bencin ƙarshe ta ɗaga hannu ta ba da amsa daidai.

Minti talatin ka yi a haka. Na ci gwajin, kai kuma ka yi mako guda kana mura. Da na je gaishe ka, cewa ka yi, "Ai ban ga dalilin buɗewa ba, ana jinka."

Yau shekarata goma sha tara ina koyarwa, kuma ina alfahari in ce ni ɗan bencinka ne. Mu da muka bi ta hannunka mun cika makarantu, ana gane mu tun daga bakin ƙofa.

Ina miƙa ta'aziyya ga Mama, mai ɗakinka, wadda ta sha ɗinke laimar nan, da 'ya'yanka da jikokinka, da 'yan ƙungiyar da za su shiga zaure ranar Laraba su tarar da benci babu kowa. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Kamar yadda ka tsaya cikin ruwa don ɗan wani, Allah Ya saka ka a inuwarSa ranar da babu wata inuwa sai ita. Amin.