Wayar Da Na Haɗa A Injin Kwalta

Lokacin da ake gyaran hanyar Bodinga zuwa Shagari, ni ne mai kula da murhun injin kwalta na wani kamfani. Shi murhun, baƙin mai yake sha, yana hura wuta cikin wata doguwar ganga mai juyawa, inda tsakuwa ke bushewa kafin a gauraya ta da kwalta. A bakin murhun akwai wata 'yar na'ura mai gilashi, muna ce mata ido. Ba hasken da muke gani take kallo ba, zafin da harshen wuta ke fitarwa take ji. Muddin wuta na ci, sai ta bar mai ya wuce. Da wutar ta mutu, nan take sai ta rufe shi.

Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, kayan gyara suka daina zuwa daga waje. Idon ya tsufa, ya riƙa rufe mai alhali wuta na ci. Na goge gilashin har na gaji. Tifofi sun yi layi, shugaban aiki sai faɗa yake. Ran nan na buɗe akwatin lantarki, na haɗa wata 'yar waya, na tsallake idon. Ban gaya wa kowa ba. Na ce a raina na kwana biyu ne.

Mai kunna murhun wani dattijo ne daga Horo Birni, manomi, da rani kawai yake aiki da mu. Baba nake ce masa. Wata Laraba da hantsi na tafi shan fura, wuta ta mutu, mai ya ci gaba da kwarara cikin ganga mai zafi. Baba ya saba ido na rufe mai, don haka bai yi shakka ba, ya zura tsumman kunnawa. Daga gindin bishiyar mai fura na ji ƙarar fashewar.

Ya rayu, amma hannunsa na dama ya ƙone, yatsun suka ƙanƙance. Ana ɗora shi a mota zuwa asibitin Sakkwato, na koma na cire wayar. Aka ce ido ne ya lalace, na yi shiru.

Da kaka na je Horo Birni da niyyar faɗa masa gaskiya. Na tarar rabin gonarsa ciyawa ta cinye.

"Baba, game da idon nan," na fara.

"Bari wanga zance, Malam," ya ce. "Ƙarhe ne, shi ma shina gajiya. Duk mutanen kamfani kai kaɗai ka taho duba ni. Allah shi yi maka albarka."

Na ce amin. Ya sa aka ƙullo mini gero a ƙyalle, ya miƙo da hannun hagu, na karɓa.

Na sake zuwa sau biyu kafin ya rasu, kuma ban faɗa ba.