Bello bai taɓa goge kayan kowa ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita makaranta aka kira ni daga Gwandu, wai Bello mai gyaran kwamfuta ya rasu. Zazzaɓin kwana biyu kawai.



Duk wanda ya taɓa kai masa aiki ya san halinsa. Ka ce ya canza maka tsarin kwamfuta, sai ya kwashe kayanka kaf ya zuba a wani faifai na waje, sannan ya zaunar da kai ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Mun sha yi masa tsiya, muna ce masa hawainiya. Dariya kawai yake yi.

Watan jiya na ɗauko tsohuwar laftof ɗina daga Kalgo na kai masa. Ta yi nauyi, ya ce a cire tsarin Windows a sa mata na Linux. Ni kuwa kun san ni da gaggawa, na ce takardun makaranta kawai nake so, ya share sauran in samu motar komawa.

Ya ce, "Malam, mi kaka sauri? Ni ba ni goge komi sai mai abu ya buɗe da hannunai ya gani."

Na zauna ina tsaki. Can cikin wata jakar fayiloli da ban ma san da ita ba, ya ce in taɓa wannan.

Muryar Inna ce, mahaifiyata. Saƙonnin murya da ta riƙa aiko mini daga Wurogauri kafin ta rasu, waɗanda na ɗauka sun tafi tare da wayata da ta faɗa ruwa. Tana tambaya ko na ci abinci, tana ba ni labarin saniyarta da ta haihu.

Na yi kuka a shagon mutane. Bello ya tashi ya fita, wai zai sayo mana fura. Ya daɗe bai dawo ba, kuma na san da gangan ya yi.

Rabuwarmu ke nan.

Ɗazu ƙaninsa ke gaya mini za su sa a share laftof ɗin Bello a ba wani ɗan'uwansu mai karatu. Na roƙe shi don Allah kada kowa ya taɓa ta. Bello ya bar 'ya mace, Hafsa, ko yaye ta ba a yi ba. Wata rana za ta so jin muryar babanta.

Na sayi faifai, gobe ina Gwandu. Zan zaunar da mahaifiyar Hafsa ta buɗe komai da hannunta ta gani.

Allah Ya jiƙan Bello, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya masa Hafsa. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi cikin addu'a, ya haɗa da Innata.